Abin Da Ya Sami Yaran Ƙasar Yaman

Masu iya magana sun ce yaro man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke. To, idan zafin rana kaɗai ya isa ya narkar da shi, ina ga wutar bom da harsashin igwa? Ko a zamanin da yaƙi bai taɓa zama alheri ga yara ba, amma dai mai takobi ya kan ga fuskar wanda zai sara, in akwai sauran imani a zuciyarsa ya janye hannu. Yanzu kuwa mai harbin yana can mil goma bayan dutse, ko yana cikin gajimare, bai kuwa ga ko wane ne ke tsaye inda abin zai faɗa ba.

Zan yi muku bayanin abin da ya sami yaran ƙasar Yaman a cikin yaƙin basasar da ya tashi a 2014. Labarin ya shafi malaman makaranta da malaman ofis ta hanya biyu. Da farko, da yawa daga cikin waɗanda aka kashe 'yan makaranta ne irin waɗanda ku ke kiran sunayensu kowace safiya. Na biyu, abin da ya hana a binne labarinsu tare da gawawwakinsu shi ne aikin alƙalami da rajista, watau sana'arku.

Asalin Rigimar

Yaman tana kudancin Jazirar Larabawa, ta yi iyaka da Sa'udiyya daga arewa, da Oman daga gabas. Mutanenta sun haura miliyan 30, kusan rabinsu kuwa ba su kai shekara 18 da haihuwa ba. Tun kafin yaƙi ita ce mafi talauci a wannan jazira, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na abincin da ta ke ci daga waje a ke kawo shi cikin jiragen ruwa.

A 1990 aka haɗe arewacin ƙasar da kudancinta suka zama ƙasa guda. Shugaba Ali Abdullahi Saleh ya sauka a 2012 bayan shekara 33 yana mulki, mataimakinsa Abdu Rabbihi Mansur Hadi ya gaje shi. Cikin watan Satumba 2014 jama'ar Ansarullahi, waɗanda aka fi sani da 'yan Huthi, suka gangaro daga lardin Sa'ada na arewa suka kama San'a, babban birnin ƙasar. Hadi ya gudu Adan, daga can ya ƙetare zuwa Riyad. Ran 26 ga watan Maris 2015 Sa'udiyya da ƙawayenta, babba a cikinsu Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, suka fara kai hari da jiragen sama don su mai da shi bisa mulki. Amurka da Ingila da Faransa suna sayar musu da makamai, Iran kuwa ita a ke zargi da taimakon 'yan Huthi.

Ta haka sama ta zama a hannun gefe ɗaya, ɗaya gefen kuwa igwa da roka da nakiya ke gare shi, ko da ya ke sojan gwamnati ma suna da tasu igwar. Wata ƙungiya mai suna Yemen Data Project, wadda ke ƙidayar hare-haren sama, ta lissafta fiye da 25,000 daga Maris 2015 zuwa farkon 2022. Kusan kashi ɗaya bisa uku a cikinsu sun faɗa kan wuraren da ba na soja ba, watau gidaje da kasuwanni da gonaki da makarantu da asibitoci.

Motar 'Yan Makaranta A Dahyan

Ran Alhamis 9 ga watan Agusta 2018, waɗansu yara maza na lardin Sa'ada suka shiga motar safa da safe. Sun gama karatun Alƙur'ani na lokacin hutu, aka shirya musu ziyara don a faranta musu rai. Galibinsu tsakanin shekara 6 da 11 su ke. Ɗaya daga cikinsu ya ɗauki hoton 'yan'uwansa da wayar hannu suna wasa da dariya cikin motar, hoton nan kuwa ya tsira, duniya ta gan shi daga baya.

Motar ta tsaya a kasuwar garin Dahyan don a sayi ɗan abin taɓawa. Tana tsaye a nan jirgin sama ya sako mata bom. Ƙungiyar agaji ta Red Cross, wadda ke taimakon asibitin da aka kai su, ta ba da labarin mutum 51 sun mutu, 40 a cikinsu yara. Mutum 79 sun yi rauni, 56 a cikinsu yara. Cikin tarkacen motar aka riƙa tsinto jakunkunan makaranta shuɗɗa, waɗanda Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNICEF, ya raba musu. Malami wanda ya taɓa riƙon aji ya san abin da a ke nufi da yara 40. Aji guda ke nan, daga bencin gaba har na baya.

A ranar, kakakin rundunar ƙawancen ya ce harin halal ne bisa dokar yaƙi, wai an auna waɗanda suka harba makami mai linzami garin Jizan na Sa'udiyya ne kwana guda kafin nan. Amma mutanen gari sun tsince guntayen bom ɗin, akwai lambobi a jikinsu. Masu bincike suka bi lambobin, kafar labarai ta CNN ta bayyana cewa bom ne ƙirar Amurka mai nauyin laba 500, watau kilo 227, irin wanda a ke jagoranta da haske har ya faɗa inda aka nufa. Ran 1 ga Satumba kwamitin binciken rundunar da kansa ya amsa cewa an yi kuskure, an yi jinkirin isar da umurnin a fasa harin, ya kuma kamata a hukunta masu laifi. Kafin ma wannan amsa ta fito, ran 23 ga Agusta, wani harin a yankin Duraihimi na lardin Hudaida ya kashe yara 22 da mata 4 suna cikin gudun hijira.

Ba kuwa a Dahyan aka fara ba. Cikin Maris 2016 aka jefa bom kasuwar Mastaba a lardin Hajja, binciken ƙungiyar Human Rights Watch ya sami mutum 97 sun mutu, 25 yara. Ran 13 ga Agusta na shekarar nan aka bugi wata makaranta a Haidan, likitocin sa-kai na MSF suka karɓi gawar yara 10 da masu rauni 28.

Idan Ɓera Da Sata

Kada mai karatu ya ɗauka laifin na gefe ɗaya ne, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ran 19 ga Yuli 2015, kwana biyu bayan ƙaramar Salla, 'yan Huthi suka yi ta ruwan harsashin igwa kan unguwar Darus Sa'ad a Adan, inda 'yan gudun hijira suka taru. Likitocin MSF suka ce waɗanda suka mutu sun kusa 100.

Birnin Ta'iz ya fi ko'ina ganin wannan masifa. Gari ne a tsakanin duwatsu, tun 2015 'yan Huthi suka riƙe tuddan da ke kewaye da shi, suka toshe manyan hanyoyi. Tafiyar da a da ba ta fi ta minti goma sha biyar ba ta koma ta sa'o'i masu yawa bisa hanyar dutse, sai a 2024 aka buɗe babbar hanyar gabas. Shekara da shekaru harsashi na faɗa wa unguwanni ba dare ba rana, maharba kuma suna fako daga tsauni. An harbi yara a wurin ɗiban ruwa, an harbe su a hanyar makaranta. Har cikin watan Yuli 2022, sa'ad da a ke zaman tsagaita wuta, harsashi ya faɗa cikin wata unguwa a Ta'iz inda yara ke wasa, ya kashe ɗaya ya raunata wajen goma.

Bayan wannan, ɓangarorin yaƙin sun ɗebi yara aikin soja, 'yan Huthi kuwa su suka fi yawan yin haka. An kuma ajiye makamai da mayaƙa kusa da gidajen mutane da cikin makarantu. Wanda ya kafa igwa a farfajiyar makaranta ya san ya gayyato wa makarantar nan bom, saboda haka yana da nasa kason na alhaki.

Dalilin Da Ya Sa Yara Suka Fi Shan Wuya

Bom ya kan yi ɓarna ta hanya huɗu. Akwai bugun iska, wanda ke fasa dodon kunne, ya yaga huhu da hanji ba tare da an ga rauni a waje ba. Akwai ɓaraguzan ƙarfe da duwatsu da gilashi masu tashi kamar harsashi. Akwai jifa, watau a ɗaga mutum a maka shi da bango. Sa'an nan akwai ƙuna da rushewar gini. Ta kowace hanya cikin huɗun nan yaro ya fi babba rauni.

Yaro gajere ne, saboda haka ɓaraguzan da za su sami babba a cinya, shi a kai ko a ƙirji su ke samunsa. Ƙoƙon kansa bai yi kauri ba, fatarsa ba ta da ƙwari, haƙarƙarinsa bai gama ƙosawa ba balle ya tsare huhu da hanta. Ba shi da nauyi, iska ta kan jefa shi nesa. Jininsa kuma kaɗan ne. Babban mutum yana da wajen lita 5 na jini a jikinsa, yaro ɗan shekara bakwai kuwa bai cika lita 2 ba. Rabin lita da babba zai zubar ya tashi ya kama hanya, ga yaron nan ya kusa kashi ɗaya bisa uku na dukan jininsa. In asibiti na da nisa, ko an toshe hanya, kafin a isa rai ya yi halinsa.

Wanda ya tsira ma wahalarsa ba ta ƙare ba. Babba in an yanke masa ƙafa, a kan auna masa ta roba ya yi shekaru da ita. Yaro kuwa yana girma, dole a sake masa sabuwa kusan kowace shekara, ƙashin dungulmin kuma yana tsiro, sau da yawa sai an koma an sake yi masa aiki. Kayan aikin asibiti galibi don manya aka yi su, likitan da ya ƙware da aikin yara kuwa wuyar samu gare shi ko a lokacin zaman lafiya. Saboda haka ne a 2019 ƙungiyar Save the Children da masanan Imperial College ta London suka fito da littafin jagora musamman domin likitoci masu jinyar yaran da bom ya taɓa.

Ga kuma halin yarinta. Babba in ya ji shewar harsashi ya kan kwanta ƙasa, yaro kuwa sai ya tsaya kallo ko ya sheƙa da gudu a fili. In ya ga wani ƙarfe mai ƙyalli cikin kango ya kan ɗauka ya yi wasa da shi, alhali kuwa bom ne da bai tashi ba.

Tsautsayi Ne Ko Ganganci?

Mutanenmu su kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne ajali na hannun Allah, amma wannan bai taɓa wanke mai kisa ba, shi ya sa shari'a ta ɗora diyya ko a kisan kuskure. Sanannen abu ne kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe mata da yara a wurin yaƙi, Halifa Abubakar kuma ya yi wa rundunarsa wasiyya da haka. Dukan masu faɗa a Yaman sun san wannan.

Dokar yaƙi ta duniya, watau yarjejeniyoyin Jeniba na 1949 da ƙarin da aka yi musu a 1977, ta tsaya bisa ƙa'idodi uku. Dole mayaƙi ya bambanta soja da farar hula. Dole ya auna, kada ɓarnar da za a yi wa farar hula ta wuce amfanin da a ke nema na yaƙi. Dole kuma ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya tabbatar da abin da ya ke aunawa kafin ya saki wuta.

To, a gwada Dahyan da wannan ma'auni. Bom ɗin bai ɓace hanya ba, inda aka nuna masa nan ya faɗa. Ko da a ce akwai wanda a ke nema cikin motar, an ga kasuwa ce, kuma safiya ce, lokacin da ta ke cike. Nauyin bom ɗin ya fi buhun hatsi biyu, cikinsa akwai albarushi mai ƙarfi wajen kilo 87. Wanda ya saki irin wannan a tsakiyar kasuwa ya san abin da zai biyo baya. Haka kuma mai rokar da a ke kira Grad, wadda motarta ke iya sakin guda 40 cikin daƙiƙa 20 zuwa nisan mil 12. Ba a iya saita ta kan gida guda, warwatsuwa ta ke bisa fili mai faɗi. An ƙera ta ne domin filin daga, in aka juya bakinta wajen unguwa kuwa mai harbin ya san ba soja kaɗai za ta samu ba. Wata ƙungiya ta Ingila mai suna Action on Armed Violence ta bi labarin shekara goma, daga 2011 zuwa 2020, ta sami cewa duk sa'ad da aka yi amfani da makamai masu fashewa cikin gari, tara cikin goma na waɗanda abin ya shafa farar hula ne. Abin da ya maimaitu haka shekara goma, kowa kuma ya san zai maimaitu, ya wuce a kira shi tsautsayi.

Aikin Alƙalami

Yaya aka yi muka san waɗannan lissafai? A 1996 Grasa Mashel, wadda ta taɓa zama ministar ilmi ta ƙasar Mozambik, ta miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya rahoto game da halin yara a wuraren yaƙi. Daga nan aka kafa ofishi musamman, a 2005 kuma Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1612, wanda ya sa a riƙa rubuta kowane laifi da aka yi wa yara a fagen yaƙi. Aiki ne irin na akawu. A kan nemi ranar da abin ya faru, da wurin, da shekarun yaron, da irin makamin, a tambayi shaidu, a duba littafin asibiti. Abin da ba a tabbatar ba, ba a shigar da shi.

Bisa wannan hanya UNICEF ta bayyana cewa daga Maris 2015 zuwa ƙarshen Satumba 2022 an kashe yara 3,774 a Yaman, an raunata ko an naƙasa 7,245. Jimla 11,019 ke nan, watau kamar yara huɗu kowace rana har shekara bakwai da rabi. An kuma tabbatar da yara 3,995 da aka ɗiba aikin yaƙi. Asusun da kansa ya ce ainihin adadin ya fi haka, domin akwai ƙauyukan da ba mai isa gare su. Ga kuma wani cikas: binciken da aka yi a 2013 ya nuna ƙananan yaran Yaman da aka yi wa rajistar haihuwa ba su kai kashi ɗaya bisa uku ba. Yaron da ba a rubuta zuwansa duniya ba, da wuya a rubuta fitarsa.

Masu ƙarfi suna tsoron wannan rajista, ga shaida. Kowace shekara Babban Sakataren Majalisar ya kan fito da jerin sunayen rundunonin da ke kashe yara. 'Yan Huthi sun daɗe a ciki. Cikin Yuni 2016 aka shigar da rundunar ƙawancen Sa'udiyya, domin rahoton ya ce cikin yara 785 da aka kashe a 2015, jiragenta ne suka kashe 510. Ba a yi mako guda ba aka cire sunan. Babban Sakatare Ban Ki-moon ya fito fili ya ce an matsa masa ne da barazanar janye kuɗin da a ke ciyar da miliyoyin yara a waɗansu ƙasashe, ya ce kuma wannan na cikin hukunci mafi ɗaci da ya taɓa yankewa. Wakilin Sa'udiyya ya musa cewa an yi barazana. A 2017 sabon Sakatare, Antoniyo Gutares, ya mai da sunan, a 2020 ya sake cirewa, alhali rahoton shekarar ya ɗora wa rundunar alhakin kashe ko raunata yara 222 a 2019.

Haka kuma a 2017 Majalisar Kare Hakkin Ɗan Adam ta kafa kwamitin masana don binciken laifuffukan dukan ɓangarorin. Ran 7 ga Oktoba 2021 aka jefa ƙuri'a kan ƙara masa wa'adi, ƙasashe 21 suka ƙi, 18 suka yarda, kwamitin ya mutu. Wannan ne karo na farko da aka kayar da wani ƙuduri a tarihin majalisar nan. Cikin watannin da suka biyo baya hare-haren sama suka ƙaru. Ran 21 ga Janairu 2022 aka bugi wani gidan tsare mutane a Sa'ada, mutum wajen 90 suka mutu, cikin kwanakin nan kuma a Hudaida aka bugi gidan waya, yara uku da ke wasan ƙwallo kusa da wurin suka rasu.

Mutuwar Da Ba Ta Da Ƙara

Ɓarnar bom ba ta tsaya ga wanda ya faɗa wa ba. A watan Agusta 2015 aka rushe injunan sauke kaya na tashar jiragen ruwa ta Hudaida, inda galibin abincin arewacin ƙasar ke shigowa. Daga Agusta 2016 zuwa Mayu 2022 filin jirgin saman San'a na rufe ga fasinja, mai ciwon da ya fi ƙarfin likitocin gida ba shi da hanyar fita. Famfunan ruwa suka lalace, cutar amai da gudawa ta ɓarke, kafin ƙarshen 2017 waɗanda a ke zaton sun kamu sun kai miliyan guda. Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2021 yaƙin ya ci rai 377,000. Kashi 60 cikin 100 yunwa da cuta da rashin magani ne suka kashe su, mafi yawan mamatan kuwa yara ne da ba su kai shekara biyar ba.

Ilmi ma ya sha kashi. A 2021 UNICEF ta ce yara fiye da miliyan 2 ba su zuwa makaranta, malamai fiye da 170,000, watau kashi biyu bisa uku na malaman ƙasar, sun fi shekara huɗu ba su sami albashi a kan kari ba. Duk da haka da yawansu ba su bar aji ba. An ga malamai suna koyarwa cikin kangon gini ba rufi, yara na zaune bisa duwatsu.

Da Aka Tsagaita Wuta

Ran 2 ga Afrilu 2022, daidai da shigowar watan azumi, aka ƙulla yarjejeniyar tsagaita wuta ta wata biyu, aka sabunta ta sau biyu har zuwa 2 ga Oktoba. Jiragen ƙawancen suka daina kai hari, igwa ta yi sauƙi. Wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya, Hans Grundbag, ya ce waɗanda a ke kashewa ko raunatawa sun ragu da kashi 60 cikin 100. Shekara bakwai a na alkawarin gyara saiti da horar da matuƙa, ba a ga ragi irin wannan ba sai da aka daina harbin. Bayan ƙarewar wa'adin ma babban yaƙi bai koma yadda ya ke a da ba, ko da ya ke daga 2024 jiragen Amurka da Ingila da Isra'ila sun kai hare-hare Yaman saboda rigimar Bahar Maliya, wadda ta ke wata magana ce dabam.

Amma abin da aka shuka a ƙasa bai san an yi sulhu ba. Daga Yuli zuwa Satumba 2022, cikin kwanakin tsagaita wutar, nakiyoyi da bama-baman da ba su tashi ba sun kashe ko sun raunata mutum 164, aƙalla 74 a cikinsu yara.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Duniya ta ɗan motsa. Cikin Mayu 2015 aka ƙulla Alkawarin Tsare Makarantu a birnin Oslo, inda ƙasashe suka yarda sojansu su nisanci mai da makaranta bariki. Nijeriya na cikin waɗanda suka sa hannu tun shekarar, a Abuja kuma aka yi babban taronsa na huɗu cikin Oktoba 2021. Ran 18 ga Nuwamba 2022 ƙasashe 83 suka sa hannu a birnin Dablin kan taƙaita amfani da manyan makamai masu fashewa cikin garuruwa. Alkawura ne ba doka ba, ƙarfinsu kuwa yana ga masu tuna wa hukuma da su.

Mu ma ba baƙin wannan baƙin ciki ba ne. Ran 17 ga Janairu 2017 jirgin yaƙi ya jefa bom kan sansanin 'yan gudun hijira a Rann ta Jihar Barno. Ran 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi ya bugi taron Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, hukumar agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85, akwai mata da yara da yawa. Duka biyun hukumomin soja sun amsa cewa kuskure ne. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ina roƙon malamai abu huɗu. Ku riƙe rajista da kyau, sunan yaro da na mahaifinsa da unguwarsu da shekarunsa, a kuma ajiye kwafi a wani wuri dabam da makaranta. Ku kwaɗaitar da iyaye su yi wa 'ya'yansu rajistar haihuwa, malaman ofis kuma su sauƙaƙa musu. In aka zo neman a sauke masu bindiga a makaranta, ko na wane gefe ne, hedimasta ya rubuta wa na gaba da shi nan da nan, ya ambaci alkawarin da ƙasa ta ɗauka. Inda aka taɓa yin faɗa kuma, a koya wa yara kada su taɓa baƙon ƙarfe, su yi alama daga nesa su gaya wa manya.

In kuma kun ji matasa suna maganar yaƙi kamar wasan dambe, ku karanta musu lissafin Dahyan: yara 40, aji guda, a safiya guda. Na gaba sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah ya jiƙan yaran da suka rasu, ya ba iyayensu haƙuri, ya ba masu rauni lafiya, mu kuma ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.